Ɗigon Mai a Gefen Dama

Ni Mas'ud bakanike, abu ɗaya ne ba na ɗauka a garejina na Tudun Wada: mutum ya zo ya tsaya a kaina yana sa wa aikina ido. In ba ka yarda da ni ba, ga titi nan, kai motarka Kano. Shi ya sa da tsohon nan Dikko ya sauka daga acaɓa da hantsi, ya yi sallama, ya je ya tsuguna yana leƙen ƙarƙashin a-kori-kurar ɗansa, raina ya ɓaci tun bai buɗe baki ba.

Dikko Bafulatani ne daga wata ruga a bayan Burumburum, kuma kowa ya san shi da bin sawu. In an sace shanu a yankin, shi ake kira ya shige gaba jama'a na biye, kuma gidan da ya ce sawu ya tsaya, can mai gari da 'yan sanda suke nufa. Shi ya sayar da bijimansa ya saya wa ɗansa Jibrin motar nan, don ya riƙa kai nono da masara kasuwa.

To, kwanakin baya Jibrin ya zo mini da sufacaja ta hannu, wato na'urar da ke cusa wa inji iska ya ƙara ƙarfi. Ya ce in ɗaura masa, wai motar tana nishi a hawan Riruwai. Na dube shi na ce, "Jibrin, nono ne zai sa ka nemi wannan ƙarfin? Ko man shanu kake so ya kaɗu a hanya?" Ya yi dariya kawai. Dariyar ba ta kwanta mini ba, amma aiki aka kawo mini, ba tambaya ba.

Irin tasa baƙin man inji take sha, don haka tiyo biyu ake ja mata. Ɗaya ya ɗauko mai daga inji ya kai mata, ɗayan ya mayar da shi tukunyar mai da ke ƙasa. Na mayarwar shi ne ɗan rigima, don dole ya gangara, in ya lanƙwashe mai ya taru ya ɓata komai. Na duba tsakiya babu wuri, sai na bi da shi ta gefen dama, dab da bayan tayar gaba. Washar tagullar da ake sa wa mahaɗar tiyon, wato ɗan zoben da ke hana ɗiga, ban da ita ranar. Na ce masa, "Za ta riƙa ɗiga in inji ya yi zafi kana tsaye. Ka dawo in sa maka." Mutumin nan sai ya ɓace, ko waya.

Sai safiyar ranar da tsohon ya zo, ina buɗe gareji, ga Jibrin tsaye ido jawur. Wai in ɗaure masa mahaɗar yanzu-yanzu, in kuma wanke ƙasan motar tas. Mutumin da tun da ya mallaki motar bai taɓa zuba mata ko kofin ruwa ba! Na sa washa, na ɗaure, na wanke. Ya ce zai shiga kasuwa ya dawo, ya bar mini makulli.

Ga uban kuma ya iso. Na ce a raina, shi ke nan, yaron ya je ya ce na cuce shi, an turo tsoho ya duba.

"Sannu da zuwa, Baffa. Ya shanu?"

"Shanu sun gode. Malam Mas'ud, kai ka sa wa motar nan sabon ƙarfen nan?"

"Ni ne. Da matsala?"

"Tana zubar da mai?"

Nan fa na hau. Na ce, "Baffa, da girmanka, in ƙorafi Jibrin yake da shi ya zo da bakinsa. Ba abin da na canza masa, ba abin da na ɓoye. Ga ta nan, sa hannu ka taɓa, ko ɗigo babu!"

Ya kwanta a ƙasa da fararen kayansa, ya miƙa hannu. Abin da ya ba ni mamaki, bai nufi tsakiyar inji ba, inda kowa yake fara dubawa. Kai tsaye ya kai yatsa bayan tayar gaba ta dama, ya shafa notin da na ɗaure da safe. Ya daɗe yana kallon yatsan, babu ko alamar mai. Na ga kafaɗunsa sun sauka, har ya ce, "Alhamdulillahi." Ni kuma a nan na gane ba aikina ya zo bincike ba.

Ya tashi zaune ya kwance wani ƙulli a bakin rawaninsa. Dunƙulen ƙasa ne da baƙin mai ya jiƙa.

"An kwashe wa Hasiya shanu uku," ya ce. "Matar marigayi maƙwabcina. Su ke nan gare ta, da su take riƙe marayu. Mun bi sawu har bakin wani rafi, a nan aka loda su a mota. Motar ta daɗe tsaye, ta bar wannan. Duk motar da na sani a tsakiya take ɗiga, tsakanin sawun tayu. Wannan kuwa a gefen dama ta ɗiga, dab da sawun tayar gaba. A ƙofar rugata kaɗai na saba ganin irin haka."

Na juya na dubi tiyon da na ja da hannuna.

"Na bar jama'a a gindin tsamiya, na ce su jira ni, zan yi tambaya in dawo. Yanzu na ga tasa ba ta ɗiga. Wataƙila idona ne, tsufa ya zo." Ya ɗago ya dube ni, yana ɗan murmushi. "Ka ja wa wata mota tiyo haka ko? Ta gefen dama?"

Wallahi na so in ce e. Kalma ɗaya ce, tsoho ya koma gida da ɗansa. Na ji haushin Jibrin kamar in shaƙe shi, da ya sa hannuna ya goge masa sawu ban sani ba. Na ji tausayin tsohon nan har cikin raina. Amma Hasiya fa?

Na ce, "Baffa, ita kaɗai ce."

Murmushin ya tafi. Ya sake duban ƙasan motar, wanda ruwan wanki bai gama bushewa ba. Ya dubi notin da ke ƙyalli shi kaɗai a cikin tsofaffin ƙarafa.

"Yaushe ka ɗaure shi?"

"Yau da safe."

"Shi ya ce ka wanke ta?"

"Shi ya ce."

Ya gyaɗa kai. Ya mayar da ƙasar cikin rawani, amma ƙullin ya gagare shi, sai ni na ƙulla masa. Na kawo masa ruwa a buta ya sha kaɗan, ya dafa sandarsa ya miƙe.

"Kada ka ba shi makullin nan," ya ce.

"Baffa, me za ka ce wa jama'a? Ai kana iya cewa sawu ya ɓace a rafi. Wa zai musa maka?"

"Babu mai musawa, shi ya sa ba zan yi musu ƙarya ba." Ya ɗaga wa mai acaɓa hannu. "Na kai mutane ƙofar gidajen wasu suna kuka ina tsaye. Yau kuma tawa ce."

Ya hau, suka nufi hanyar Burumburum. Ban gama mayar da butar ba na hango Jibrin yana tsallako titi, riƙe da ledar tsire, yana ɗago mini hannu. Na zare makullin daga jikin ƙusa na sa a aljihuna.