Ranar Cire Katakon Baba Ayuba

"Ku ɗauko kujerar, ni da ita!" in ji Baba Ayuba.

Ina tuyar ƙosai a ƙofar gidanmu na Nasarawa na ji ihun Celina, 'yarsa. Na bar mai a wuta na ruga.

"Mama Saratu, ki yi masa magana! Jiya fa aka sallamo shi daga asibiti!"

Wa zai yi masa magana? Maƙwabcin nan nawa kansa ya fi siminti tauri. Magini ne, mutumin Pankshin, dattijon coci. A Abuja ya koyo ɗora ƙubba, wajen aikin babban masallaci, ya dawo ya ishe mu da labarin hasumiyoyi har muka haddace. Da jama'ar unguwa suka tashi gina masallacinsu, shi ya ce a bar masa rufin. Wasu suka ce rumfar kwano ta ishe su, ƙubbar za ta rufto kan masallata. Yau za a cire gorar da ta tokare ta, kuma a ƙa'idarsa wanda ya ɗora ta, shi ke tsayawa a ƙarƙashinta.

Samari suka kinkimo shi. Unguwa ta fashe, mata da ludayi a hannu, teloli da tef ɗin awo a wuya.

Liman ya tare ƙofa. "Baba Ayuba, don Allah ka kalla daga nan."

"Malam Liman, in ban shiga ba, kai za ka yi sallah a ciki da kwanciyar hankali?"

Liman ya kauce. Sai ya bi shi ciki, ya tsaya a gefen kujerar.

Muka tsaya daga waje muna leƙe. Ana zare gora, katako na faɗuwa, Celina ta riƙe zanina. Aka bugi ta ƙarshe. Garin siminti ya zubo musu a ka, shi ke nan. Ƙubba ta tsaya!

Kai, kabbara! Ni ma na rangaɗa guɗa, Halleluya ta kufce mini a ƙofar masallaci, ba wanda ya harare ni.

"Ka gani?" na ji Baba ya ce, yana dariya. "Ku sa mata koren fenti."

Muna ta murna Liman ya sunkuya kan Baba, ya daɗe, sannan ya ɗago ya kira Celina a hankali. Baba ya cika.

Liman da ladan da kansu suka kama kujerar zuwa gida. A hankali suke takawa, suna kauce wa ramukan hanya.