Ƙasar Sito a Fadamar Ya'u

Shekara uku bayan samun 'yancin kai, siton maganin feshin auduga na Likoro ya rushe, gangunan suka fashe. Ko ciyawa ta daina fitowa a wurin. En'e, hukumar gargajiya, ta ba da kwangilar kwashe ƙasar, amma ba Ya'u ta ba ba, shi da ya gina rabin kwalbatocin yankin. Gambo ta ba, tsohon helumansa.

Ya'u ya riƙa zuwa kallo kullum, wai hanya ce ta biyo da shi. Ya tarar Gambo ya kafa turaku, ya shuka wake layi-layi don ya ga inda dafin ya tsaya kafin a sa diga.

"Gambo, kwangila aka ba ka ko noma?"

"Duka biyun, maigida. Inda wake ya ƙi, nan za mu haƙa."

"Ni na koya maka riƙon tef ɗin awo, yau kai ke auna ƙasa da wake."

Sharaɗin aikin ɗaya ne: jami'i zai zo ya ga tulin ƙasar da idonsa kafin a binne ta a ramin siminti. In babu tuli, babu sa hannu, kuma sunan Gambo ya fita daga jerin 'yan kwangila. Ya'u ya san wannan sarai.

Ranar kasuwar Makarfi, leburori sun tafi cefane, Ya'u ya turo jakuna goma sha biyu su kwashe tulin da aka tara. Matarsa Hajo ta tambaye shi ina zai kai ƙasar.

"Fadamata, gonar rake. Ƙasar kango taki ce, kowa ya sani. Damina ɗaya ta wanke komai."

Kowa ya sani ɗin nan ya daɗe yana cutar mutanenmu.

Jami'i ya zo ya tarar da fili fayau. Gambo bai yi gardama ba, ya roƙi mako uku kawai. Cikin na biyu raken Ya'u ya fara ƙonewa, tuli-tuli, daidai inda kowane jaki ya sauke mangala. Jami'in ya bi kunya-kunya yana dubawa, ya sa hannu a nan bakin fadamar, ya kuma rubuta wa Gambo sabuwar kwangilar kwashe ƙasar daga fadamar.

Da safe Gambo ya iso da turaku da kwanon wake, ya durƙusa ya gai da Ya'u.

"Maigida, ta ina zan fara?"

Ya'u ya daɗe yana kallon tef ɗin da ke hannun Gambo. Nasa ne na da.

"Ta gabas," ya ce. "Kuma ka ja shi sosai, kullum kana barinsa sako-sako."