Bindigar da Zanzaro Ya Gada

Dokin mai baki ya fi gudu, kuma a duk faɗin karkarar Tolliver ba wanda dokinsa ya kai na Harlan Sikes. Mutum ne ɗan shekara hamsin da 'yan kai, mai tumbi, mai shanu arba'in da wata jar a-kori-kura wadda rana ta cinye fentinta. A bayan kujerar motar, daidai gilashin baya, akwai ƙugiyoyi biyu, a kansu kuwa doguwar bindiga mai baki biyu take kwance. Duk wanda ya biyo shi a hanya, bindigar yake fara gani kafin ya ga ƙeyar mai ita. Haka Harlan yake so.

Bindigar nan ba tasa ba ce. Ta surukinsa ce, tsoho Orval Beasley, shi ma daga hannun mahaifinsa ya karɓe ta. Shekara goma sha huɗu da suka wuce, ranar da Harlan da matarsa Nadine suka tare a gonar da ke can ƙarshen hanya, tsohon ya miƙa masa ita ya ce, "Aro na ba ka, saboda 'yata za ta zauna inda ba maƙwabci. Kowace Lahadi ka ɓalle ta, ka zare harsashi, ka ɗaga ta ga rana ka leƙa. In ba ka ga haske ta baki biyu ba, sanda ce a hannunka."

Harlan ya yi Lahadi biyu yana leƙawa. A ta uku ya gano cewa ya fi tsohon sani. Ya ɗura ta, ya rataye, ya ɗaure ta da waya don kada ta riƙa ƙara a kan gargada. Daga nan ta zama kayan ado. Motar kuwa a rumfar ciyawa take kwana, gilasai a sauke saboda zafi, tun daga farkon bazara har sanyi ya shigo.

Kowace safiya yakan tsaya a shagon kofi na bakin titi, ya ajiye motar yadda bayanta zai fuskanci taga, ya shiga ya kama wa'azi.

"Ƙasar nan ta lalace," in ji shi. "Kafin ɗan sanda ya iso gonata an gama yi mini jana'iza. Amma duk ɗan iskan da ya tare ni, kafin ya ce uffan ya ga baki biyu suna kallonsa."

Cleon Pruitt, wani siririn makiyayi da suka yi makaranta tare, ya hura kofinsa ya ce, "Sarkin yaƙi, wai yaushe rabonta da tari? Ni tun ina da gashi ban ji muryarta ba."

"Namijin gaske ba ya yawan magana."

"To kai da ita waye namijin?"

Aka yi dariya. Harlan ya murtuke ya ce, "Ku masu buɗe bindiga kullum kamar tukunyar miya, ranar da ta ɓaci kuna neman harsashi a aljihu za a gama da ku. Tawa a shirye take dare da rana. Rabon da in ɓalle ta har na manta."

Wannan kaɗai ce gaskiyar da ya faɗa a shagon nan cikin shekara goma sha huɗu. 'Yan fashin da yake jira kuwa ba su taɓa zuwa ba. Garin da mutane ke barin makulli a jikin mota su shiga coci, me ɗan fashi zai zo ɗauka, tsofaffin tayoyi?

Wata Lahadi bayan an taso daga coci, suna cin soyayyar kaza da burodin masara a gidan tsohon, Orval ya ajiye cokali. Shekarunsa tamanin da huɗu, yatsunsa sun kanannaɗe da sanyin ƙashi, amma idonsa na nan kamar na shaho.

Ya ce, "Na fara raba kayana tun ina iya ganin fuskar masu karɓa. Asabar zan zo in ga bindigar babana. In na same ta yadda na bayar, ta zama taka, Harlan. In ba haka ba, Maxine za ta ɗauka."

Maxine ƙanwar Nadine ce, malamar makaranta a cikin gari. Harlan ya ajiye cinyar kazar da ke hannunsa. Ya hango kansa yana ajiye mota a gaban shagon kofi da ƙugiyoyi biyu tsirara, ya hango bakin Cleon. A ce mace mai koyar da yara ƙidaya ta raba shi da bindiga. Gara masa a ce shanunsa goma sun mutu.

"Baba, ai kamar amarya take," in ji shi.

"Za mu gani," in ji tsohon, ya ci gaba da cin kazarsa.

Ba a fafe gora ranar tafiya, amma Harlan sai ranar Juma'a da yamma ya kwance wayar ya sauko da ita. Ya danna maɓallinta don ya ɓalle ta. Ko gezau. Ya sa ƙarfi, ya dafa ta a gwiwa, ya buga da tafin hannu, tsatsa ta riƙe gam. Akwai mai gyaran bindiga a gari, amma shagonsa na kallon shagon kofi, kuma kafin a kunce ƙusa ɗaya labari ya kai kunnen Cleon. Sai Harlan ya ɗauko mai da tsumma. Ya goge ƙotar har ta yi sheƙi, ya murje ƙarfen ta waje har yana ganin haƙoransa a jiki.

Nadine ta fito da kwandon wanki ta tsaya a bakin rumfar. Mace ce mai ƙarancin magana, ta gado idon ubanta.

"Ka leƙa cikinta?"

"Ke me kika sani game da bindiga?"

"Na san ana leƙa cikinta."

"Je ki ji da wankinki. Wannan aikin maza ne."

"Na gani. Har ta fi madubina kyau."

Da ta wuce, dabara ta faɗo masa, irin dabarar da ke zuwa wa wawa ya ɗauka wahayi ne. Ya mayar da bindigar kan ƙugiyoyinta, ya sami sabuwar waya mai kauri, ya naɗe ta sau shida a kowane gefe, ya murɗe da filaya. Yatsun tsohon ba za su iya kwance wannan ba. Zai gan ta tana walƙiya ta bayan kujera, a zagaya da shi ya ga shanu, rana ta yi zafi ya gaji, a mayar da shi gida. Shi ke nan.

Asabar da hantsi tsohon ya iso. Ya leƙa ta gilashi ya dubi bindigar, ya dubi wayar.

"Baba, mu fara zuwa ka ga maruƙan bana kafin rana ta take," in ji Harlan da fara'a.

Orval ya riga kowa shiga, ya zauna a tsakiya. Duk wanda ya tashi a ƙasar kiwo ya san na tsakiya ba ya tuƙi, ba ya buɗe ƙyaure. Nadine ta zauna a bakin ƙofa, aikin ya faɗo kanta. Ta buɗe ƙyauren farko, suka wuce, ta rufe. Ta buɗe na biyu. Harlan na ta zuba, daga farashin ciyawa zuwa lalacewar zamani, don kada tsohon ya sami sararin waiwayawa.

Ƙyaure na uku yana kusa da tafkin da shanu ke sha. Fari ya yi tsanani a shekarar, duk wata dabbar dawa nan take gangarowa. Nadine ta sauka, ta zare sarƙa, ta fara jan ƙyauren. Sai ga 'ya'yan aladen daji guda shida sun fito daga cikin ƙaya ta hagunta da gudu. Uwar kuwa tana gefen damanta, baƙa wuluk, ta kai girman ɗan maraƙi. Nadine ta shiga tsakanin uwa da 'ya'ya ba ta sani ba.

Uwar ta sunkuyar da kai ta taho. Nadine ta saki sarƙar ta ɗare kan ƙyauren, ta naɗe ƙafafu a ƙarfen sama. Aladiyar ta kai wa ƙyauren karo, ya yi lilo, ƙusar sama ta fara zarewa daga ruɓaɓɓen gungumen da Harlan ya shekara uku yana cewa zai canja.

Ranar da ya shekara goma sha huɗu yana kira ta zo. Harlan ya juya ya kama bindigar ya ja. Wayarsa ta riƙe. Ya kama murɗawa da yatsu, wayar ta yanke masa yatsa, ya zage ta, gwiwar hannunsa ta ture malafar tsohon. Ya laluba filaya a ƙarƙashin kujera, ya ci karo da gwangwanaye. Aladiyar ta sake kai karo.

"Taka motar ka shiga tsakaninsu," in ji Orval.

Harlan bai ji ba. Shi bai ga mota ba, bai ma ga matarsa sosai ba, labarin da zai bayar gobe a shagon kofi yake gani. Ya sami filayar, ya datse wayar, ya fizgo bindigar, bakinta ya daki gilashi ya tsaga shi. Ya faɗo waje yana haki.

"Kada ka harba ta, yaro. Ba ka san abin da ke cikinta ba."

Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Harlan ya ɗora ta a kafaɗa ya ja kunama.

Ƙarar ba irin ta bindiga ba ce, kamar an jefo tukunyar ƙarfe daga sama. Bakin hagu ya tsage ya buɗe kamar ɓawon ayaba. Harlan ya zauna daɓas cikin kashin shanu, hayaƙi ya rufe masa fuska, ɗan ƙaramin yatsansa na hagu da rabin na kusa da shi sun tafi inda ba a dawowa. Aladiyar ta ɗaga kai ta dube shi, ta koma kan ƙyaurenta.

Tsohon ya ja jiki a hankali ya koma bayan sitiyari. Ya sa giya, ya danne oda da gwiwar hannu, ya tura hancin motar tsakanin dabbar da ƙyauren. Aladiyar ta ja da baya, ta yi gurnani, ta bi 'ya'yanta cikin ƙaya. Nadine ta taka kan motar ta sauko. Ta cire ɗankwalin wuyanta ta ɗaure hannun mijinta tamau, ba ta ce masa sannu ba.

Orval ya sauko ya ɗauki bindigar daga ƙasa. Ya zaro 'yar wuƙarsa ta aljihu ya zura a bakin dama, wanda bai fashe ba. Busasshen laka ya zubo a tafinsa. Ya ƙara zurawa, wani ya zubo, haɗe da matattun gizo-gizo da ɓawon tsutsa. Zanzaro ne ya gina ɗaki a ciki, ɗaki bisa ɗaki, bazara bayan bazara, ya haifi 'ya'ya da jikoki ba wanda ya taɓa tayar da shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Tsohon ya miƙa tafin a gaban hancin Harlan.

"Ga wanda ya riƙe mini bindigar babana. Shi kam kullum yana leƙa cikinta."

"Baba, ai tsautsayi..."

"Tsautsayi ba ya murɗa waya sau shida."

Nadine ta ce, "Tashi mu je asibiti, mai tsaron gida. Ni zan tuƙa. Baba, koma tsakiya." Ta dubi mijinta. "Ƙyaure biyu ne a gabanmu, kuma hannunka na dama lafiyarsa lau."

Haka aka yi. Harlan ya sauka sau biyu, ya buɗe, ya rufe, jini na ɗiga a kan takalminsa.

Ko a fashe, tsohon bai bar masa bindigar ba. Maxine ta kai ta gida, ta wanke lakar, ta kafa ta a bangon falonta. Harlan ya yi sati uku bai leƙa gari ba. Ranar da ya koma shagon kofi, ya ajiye motar can bayan gini, hancinta na kallon titi. Bai hana Cleon zagayawa ya duba ba. A kan ƙugiyoyin nan biyu, lemar Nadine ce a rataye.

Cleon ya dawo ya zauna, ya hura kofinsa.

"Zanzaro, barka da fitowa. Ita wannan sabuwar, kana buɗe ta ranar Lahadi, ko ita ma a shirye take dare da rana?"

Harlan ya ɗaga kofi da yatsunsa uku da rabi ya kurɓa. Sunan kuwa ya bi shi, har yaran da aka haifa bayan abin sun tashi ba su san yana da wani ba.