Ciwo na Zailani, Ɗaci na Bilki

A Dugabau akwai wata majalisa a gindin darbejiya wadda ba a taɓa kawo mata ciwon da ta rasa sunansa ba. Babu wanda ya taɓa riƙe allura a cikinsu, amma sun fi likita saurin yanke hukunci. Su suka duba Malam Zailani, dillalin hatsi, da baki kawai, suka ce sanyi ne. Kuma a iliminsu mai zurfi, namiji ba ya samun sanyi sai daga mace.

To, matar Zailani ɗaya ce, Bilki, wadda ta aurar da 'ya'ya har ta goya jikoki. Ita ta fara lura da abin. Mutum ya shiga bayi ya daɗe, ya fito yana tsaki, kafin buta ta bushe ya koma. Fitsari yana zuwa a tsittsinke, alwala ba ta zama, wando kullum a wanki. Ita take wankin, ba ta taɓa ɗaga maganar ba. Tukuicin da ta samu shi ne jarka.

Malam Ƙasim ne ya kawo ta, aminin Zailani kuma babban likitan majalisa. Ran kasuwar Gwarzo ya sayo wurin masu mota da lasifika, irin waɗanda maganinsu guda yake warkar da basir da shawara da rashin ciniki. Jiƙon saiwa ne, baƙi ƙirin.

"Taki ce," in ji Zailani, ya dire jarkar a gabanta. "Safe da yamma. In ba a kashe shi daga tushe ba, ko na warke zai dawo."

"Malam, ni fa lafiyata ƙalau."

"Haka duk kuke cewa."

Kuke! Ita da su wa? Bilki ta haɗiye maganar, ta bi ta da jiƙon. Ta sha har cikinta ya lalace, ta rame, shi kuwa mai ciwon yana nan yana sintiri tsakanin ɗaki da bayi. Magana ta zaga gari, don bakin majalisa ba shi da murfi. A gidan suna sai ta ga in ta fito daga bayi ana kwara ruwa kafin wata ta shiga. Wannan ya fi jiƙon ɗaci, kuma ta yi kuka a kansa.

'Yarta Rukayya, wadda ke aure a Gwarzo, ita ta ga ramar ta yi yawa ta ja ta asibiti. Aka auna jini da fitsari, babu komai. Likita ya tambayi dalilin zuwa, Bilki ta sunkuyar da kai ta zayyana masa.

"Inna, ai ba ke ya kamata a kawo ba," in ji shi. "Maza suna da wata 'yar tsoka kamar goro a ƙasan mafitsara. In shekaru suka ja takan kumbura ta matse hanyar fitsari. Sau da yawa kumburi ne kawai, wani lokaci kuma ciwon daji ne. Ba daga mace ake ɗauka ba. In daji ne aka kama shi tun yana wurin, ana cire shi mutum ya ci gaba da harkarsa. Ki turo Baba da wuri."

Da wuri. Wannan kalmar ta riƙe, ta manta da nata ɓacin ran, don duk tsiyarsa mijinta ne, ba ta shirya takaba ba. Ta yi lallashi, Rukayya ta yi magiya, da ƙyar ya yarda, ya saka babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. An ɗebi jini lafiya. Da sakamako ya fito likita ya ce awon ya hau sosai, yana so ya taɓa tsokar ya ji taurinta, sannan ya tura su Kano.

"Ta ina za ka taɓa?" in ji Zailani.

"Ta dubura, Baba. Da yatsa, cikin safar hannu. Ba zai ɗauki lokaci ba."

Zailani ya miƙe, ya gyara hula. "Yaro, na haifi wanda ya girme ka," ya ce, ya fice. A bakin ƙofa Bilki ta kama gefen rigarsa, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba, ya fizge.

Da yamma majalisa ta karɓe shi kamar wanda ya dawo daga yaƙi. Ƙasim ya ce namiji ke nan, gara mutuwa da wannan wulaƙanci. Da sauƙin faɗa, tunda ba shi ne zai mutu ba.

Damina ta wuce, aka yi girbi. Ciwon baya ya shigo, majalisa ta ce ɗaukar buhu ne, ga mutumin da rabonsa da ɗaga buhu tun yana saurayi. Wata safiya a kasuwar Kabo fitsari ya tsaya cak. Dattijon da ke kare mutuncinsa ya zube tsakanin buhunan dawa yana ihu, mara ta kumbura tim. A bayan motar kaya aka kai shi Gwarzo, aka zura masa robar fitsari, aka wuce da shi Kano. Abin da ya hana likita ɗaya a bayan labule, can aka yi shi ɗalibai na tsaye suna koyo.

Aka ɗebi ɗan nama aka auna, aka ɗauki hoton ƙashi. Daji ne, kuma ya bar inda ya fara, ya kama ƙashin baya.

"Da bara ne, da muna maganar cirewa," in ji babban likitan. "Yanzu sai dai mu rage masa gudu. Za a riƙa yi masa allura mai kashe sinadarin mazantaka, don shi ciwon yake ci. Za a gasa bayan da na'ura saboda zafi."

Bilki ta dubi mijinta, tana jiran ya tambayi sauran kwana nawa. Sai ta ji ya ce, "Allurar nan, mutane za su gane?"

A mota ya matso kusa da ita, ya rage murya. "Bilki, ki rufa mini asiri. Kowa ya tambaya, sanyin nan ne ya yi tsanani. Kin ji?"

Wato ita ta ci gaba da ɗaukar dakon sunan, shi ya mutu da girmansa, hularsa a karkace. Ta dube shi, tausayi da raini suka cakuɗe mata.

Bayan la'asar washegari majalisa ta taso dubiya, suka cika ɗakin da sannu da Allah ya sawwaƙe. Bilki ta kawo ruwa. Tana kallo Ƙasim ya nemi buta ya zagaya, ya daɗe, ya dawo, kafin a shafa fatiha ya sake miƙewa. Ta kuma san tun watan jiya matarsa Zulaiha ta fara ramewa, irin ramar jiƙon nan.

"Sanyin ne dai ya ci ƙarfinsa ko?" in ji Ƙasim, yana mata kallon gefen ido.

Zailani ya kafe ta da ido daga kan katifa.

"Ciwon daji ne, Malam Ƙasim," ta ce, yadda na ƙarshen ɗaki zai ji. "Na maza ne, ba a ɗauka wurin mace. Bara aka ce a duba shi ya ƙi, kuka tafa masa. Yanzu ya kai ƙashi. Kai ma na ga butarka ba ta hutawa. Ka je a duba ka, ka ƙyale Zulaiha."

Ɗaya bayan ɗaya suka laluɓi takalmansu. Zailani ya juya fuskarsa bango.

Ta san ba zai yafe mata ba. Ta kuma san fushin ba zai daɗe ba, don mai shi ba shi da sauran lokacin daɗewa. Ta durƙusa ta gyara masa robar, ta ɗauki jakar fitsarin ta fita zubarwa.