Yawun Goro a Fitilar Gado

Duk Zongo an san Fijon Gado direba, wadda ta girmi 'yarsa ta fari, fitilarta ta hagu kullum tana kashe ido. Ranar Talata Hajiya Labiba mai atamfa a kasuwar Dantokpa ta ce masa in bai kawo takardar bizit, ta shaidar lafiyar mota, kafin la'asar ba, wani zai riƙa ɗaukar mata kaya. Masu duba mota kuwa ba sa ba mai ido ɗaya takarda.

Sai ga shi a rumfar Mounkaïla mai gyaran wutar mota, kumatu cike da goro.

Mounkaïla ya ɗaga kapo, murfin inji. Ƙwan fitila lafiya, fis ma lafiya. Da ya zare soket ɗin bayan fitilar, sai wani abu ja mai danƙo ya biyo yatsunsa, ƙarƙashinsa tsatsa kore shar. Ya kai hanci. Ai kuwa ya yi baya da sauri.

"Baba Gado, mene ne wannan?"

"Dabara ce, yaro. In ta mutu sai in zare, in tofa, in mayar. Nan take ta kama. Shekara huɗu ke nan."

"Shekara huɗu kana tofa wa mota yawu?"

"In ina sauri lasa nake."

Mounkaïla ya wanke hannu sau uku da omo, har yanzu yana jin danƙon. Iskar teku kaɗai ta isa cinye ƙarfe a garin nan, balle an haɗa mata da yawun tsoho.

"Wallahi ba na sake taɓawa. Riƙe da kanka."

Gado ya riƙe, shi kuma Mounkaïla ya datse soket ɗin da filaya daga nesa, fuska a yamutse. Ya ɗaura sabo, ya kankare inda baƙar waya ke kama jikin mota, ya ɗaure tam, ya shafa giris. Fitila ta buɗe ido tar.

"Bushewa take so, Baba. Ka riƙa dubawa, amma da ido!"

Gado ya samo takardarsa kafin la'asar. Sai dai mai ƙosan da ke gefen rumfar ba kurma ba ce, labari ya riga shi Dantokpa. Hajiya ta karɓi takardar da gefen mayafi.

"Aiki naka ne, Gado. Amma masu kura za su loda. Kai zauna a mota, kada ka taɓa mini atamfa."