Kuɗin Gaisuwa ko Kuɗin Kiko

Ni Tan Acha ce, matar marigayi Goro Mafnas na garin Malesso'. A aji uku na bar makaranta, amma ba a yi mini wayo a kan gawar mijina in yi shiru.

Shekara goma sha ɗaya Goro yana cikin gasar besbol ta kwamfuta, wasan nan na jifan ƙwallo a buge ta da sanda. Su goma sha biyu ne, duk 'yan garinmu, kowa da ƙungiyarsa. 'Yan wasan ba mutane ba ne, na sani, kada wani ya tuna mini. Kai ne kake zaɓensu, ka horar da su, na'ura ta buga wasan, ran Asabar sakamako ya fito. Goro yana da ɗan wasa mai jifa guda, Kiko, bahago. Ya ɗauko shi tun ba ya iya komai, kowa yana masa dariya. Shekara shida yana rainonsa har ya zama dodon gasar. Da idon Goro ya mutu, ni nake danna masa, shi yana faɗa mini inda zan taɓa. A asibiti ya ce, "Acha, ƙungiyar taki ce. Kada ki rabu da Kiko."

Ranar da aka rufe addu'ar kwana tara, Ben Quinata ya zo. Goro ne ya riƙe shi a baftisma, yanzu yana da shagon taya da mota biyu. Ya miƙo mini ambulan na chenchule', kuɗin gaisuwa kamar yadda kowa ya kawo, sai dai nasa ya fi kauri. Dala ɗari biyar. Sannan ya ce, "Tan Acha, ba ni kwamfutar in mayar da ƙungiyar sunanki." Na ba shi. Har na ƙara masa kelaguen, kwaɗon namanmu mai lemun tsami, ya kai wa matarsa, ni sakarai!

Ran Asabar na buɗe kwamfutar. Babu Kiko. Na duba sama, na duba ƙasa, sai ga shi sanye da rigar ƙungiyar Ben.

Ran Lahadi bayan coci 'yan gasar suna taruwa a rumfar motar Tun Pepe Aguon, shugaban gasar, suna gasa haƙarƙari. Na tafi da ambulan ɗin a jaka. Ban gaishe da kowa ba.

Na ce, "Pepe, an yi mini sata, kuma ɓarawon ga shi can yana lasar yatsa."

Ben ya yi dariya. "Haba Tan Acha, wace irin sata? Ciniki ne. Na biya."

"Ka biya wa? Yaushe?"

"Ɗari biyar fa! Wa ke kawo ɗari biyar gaisuwa? Ai na ɗauka kin gane."

"Na gane? Ina zaune gaban hoton ubanka na baftisma, idona a kumbure, kai kana ciniki?"

Tun Pepe ya tofar da ruwan pugua, ɗan itacen da muke taunawa kamar goro, ya ce, "Acha, zauna mana. Dokarmu ba ta hana sayen ɗan wasa da kuɗi ba. Bara ma an yi."

"Shi ya sa wasanku ya lalace! Goro ya yi shekara shida a kan yaron nan, wannan ya sayar da taya huɗu ya ɗauke shi. To ina amfanin tunani? Kowa ya zo da jakarsa a auna, mai nauyi ya tafi da kofi, mu huta."

Wani daga baya ya ce, "Wallahi da ni ne na ƙarshe har abada." Suka yi dariya. Ni ban yi ba.

Ben ya ce, "Tsohuwa, ke fa ko karanta lambobin ba ki iya ba. A hannunki zai lalace."

"Ya lalace a gidan ubansa. Ina ruwanka?"

Na ciro ambulan ɗin na ajiye a teburi, tsakanin jar shinkafa da kwanon nama. Duk suka zuba wa ambulan ɗin ido, don babu wanda ya taɓa ganin an dawo da chenchule'.

Na ce, "Ben, kuɗi ɗaya ba ya aiki biyu. In wannan kuɗin Kiko ne, to ka riƙe Kiko, amma ka faɗa a gaban mutanen nan cewa ka zo mutuwar Goro hannu rabbana, ka ci abincinsa ka tafi. Gobe zan je in gaya wa mahaifiyarka da bakina. In kuwa gaisuwa ce, ba ka sayi komai ba. Zaɓi."

Ya dubi Pepe. Pepe ya dubi wuta. Babu wanda ya taya shi. Kunnuwansa suka yi ja kamar shinkafar.

"Gaisuwa ce," in ji shi, can ƙasa-ƙasa.

"Ban ji ba, kunnena ya tsufa."

"Gaisuwa ce, Tan Acha!"

"To ciro wayarka. Yanzu, ina kallo."

Ya danna, ya nuna mini Kiko ya dawo. Na san rigarmu ko ban iya karatu ba. Na ɗauki ambulan ɗina na mayar jaka, don gaisuwar mijina ce, kuma ranar da mutuwa ta shiga gidansu zan kai tawa kamar yadda aka saba.

Pepe ya ce in tsaya in ci abinci. Na ce sai ranar da suka gyara dokar. Har yau ba su gyara ba, kuma duk Lahadi ina zuwa in tsaya musu a kai. Naman nasu ban taɓa ba.