Akwatin Busar da Ƙafar Malam Abdurra'uf

"Ƙara kaɗan," in ji Malam Abdurra'uf. "Ban ji komi ba."

Shafi'u ya dubi maɓallin. Yana kan biyu. Daga jikin wata tsohuwar fanka ya ciro shi, mai lamba ɗaya zuwa biyar, kuma duk gwajin da ya yi a shagonsa bai taɓa wuce biyu ba. Tsohon yana zaune kan kujera a zaurensa, wando a naɗe zuwa gwiwa, ƙafafunsa jiƙe da ruwan alwalar la'asar, ya ɗora su kan ragar ƙarfen da ke saman akwatin.

"Malam, biyun ta isa. Iskar akwai ɗumi."

"Ƙafata ta ko taka? Mai ɗaki shi ka sanin inda ruwa ka zuba mai. Kai ta fuɗu, an kusa tada salla."

Shekarar Shafi'u arba'in da ɗaya, da matarsa da 'ya'ya uku, kuma rabin fankokin Tambuwal sun bi ta hannunsa. Amma a gaban wannan maƙwabcin nasa har gobe ɗan aji uku ne, wanda Malam ya koya wa haɗa batir da ƙwan tocila. Ya murɗa maɓallin. Zuciyarsa ta ce ya kai hannu ya taɓa ragar, sai dai yin haka tamkar ce wa dattijo ne bai yarda da maganarsa ba. Hannun ya tsaya a kan gwiwarsa.

Ciwon suga ne ya kawo su nan. Shekara goma sha huɗu yana cin Malam a hankali, har ya kashe masa jin ƙafa, ko ƙaya ya taka sai dai wani ya gani. Da damina ta sauka, tsakanin yatsunsa ya fara fari yana tsagewa. 'Yarsa Rauda, ma'aikaciyar lafiya a Kebbe, ta zo ta duba, ta ce ruwan da ke kwana tsakanin yatsu shi ne abokin gaba. Ko dai ya riƙa shafa kan safa kamar yadda malamai suka ba marar lafiya dama, ko a tsane ƙafar sosai bayan kowace alwala. Malam ya ce shi da barin wanke ƙafa sai ranar da aka wanke masa. Bayansa kuwa ba ya sunkuyawa. Matarsa Inno ta ɗauko tawul, ya ce shekara arba'in tana durƙusa masa da kwanon tuwo, ba zai ƙara mata da tsumma ba. Taurin kan Malam ba sabon labari ba ne a unguwar.

Sai ya ɗauko fensir ya zana akwati a bayan tsohuwar kalanda, ya aika aka kira Shafi'u. Mako uku suna kai. Shafi'u ya so a bar fanka kaɗai, Malam ya ce iska mai sanyi sai ta ci minti goma, kafin nan liman ya yi sallama. Aka nemo wayar zafi ta na'urar busar da gashi aka ɗaura a ƙarƙashin ragar. Duk wannan lokacin Malam ya koma yaro, yana auna katako da zare, yana cewa in abin ya yi, a kai guda masallacin Juma'a saboda tsofaffi irinsa.

A ranar gwajin dai ƙafar ta bushe cikin minti biyu. Malam ya zura safa, ya dafa kafaɗar Shafi'u, suka samu raka'ar farko. Har hanya yana dariya.

Da hantsi washegari Inno ta aiko. Shafi'u ya tarar da Malam kwance a kan tabarma, an jiƙa safar da ruwa kafin ta rabu da tafin ƙafar dama. Fatar ta tashi ta yi ruwa, wani wurin ta saɓule.

"Garwashin shayi nit taka," in ji Malam, tun ba a tambaye shi ba. "Jiya bayan magariba. Ga kaskon can."

"Ni ko ban ga ka hura wuta ba," in ji Inno.

"Kina cikin gida. Komi sai kin gani?"

Ya juyo da idonsa kan Shafi'u, ya bar shi a nan. Shafi'u ya fahimta, ya yi shiru, kuma wannan shirun shi ya fi komai ci masa rai daga baya. Garin neman gira an rasa ido, kuma da hannunsa aka rasa.

Ƙuna a ƙafar mai suga ba ta san sauri ba. Rauda ta ɗauki hutu ta dawo gida, safe da yamma tana wanke ciwon tana naɗewa. Mako biyu, gefen ya yi baƙi. Aka ɗauki Malam a mota zuwa Sakkwato, aka cire yatsu uku, bayan kwana tara aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Ya ce a mai da shi gida. Akwatin kuwa Inno ta tura shi bayan ƙofar zaure ta kifa masa kwando, ba don ta zargi komai ba, sai don yana tare hanya. Kullum Shafi'u zai shiga gaisuwa sai ya wuce ta gabansa.

Wata Laraba da safe ya samu Malam shi kaɗai a ɗaki. Warin ciwo ya rinjayi turaren da aka kunna. Tsohon ya rame, gemunsa ya yi wa fuskar yawa. Shafi'u ya durƙusa, kwana uku yana shirya maganar da zai yi.

"Malam, ni ad da laifi. Bari in faɗa ma Inna da Rauda gaskiya."

"Zamna daidai. Na yi ta tunanin zanen nan a asibiti." Muryar ta yi ƙasa, amma ta malamin aji ce. "Ka san inda munka kuskure? Mun ba marar lafiya iko da zafi. Wanda ba shi jin wuta, ba a tambayarshi ko ta isa. Cire wayar nan gaba ɗai. Sa fanka biyu, iskar ta biyo ta ƙasa, ta ratsa yatsu. In minti goma na, a fara alwala da wuri."

"Malam, ba zancen akwati nika yi ba."

"Ni shi nika yi. Ciki ba don tuwo kaɗai anka yi shi ba, Shafi'u. Kana da shago, kana da ɗiya. In garin ga ya ji, wa ka sake kawo maka ko dutsin guga?" Ya ɗan yi tari, ya dubi inda zanen rufa ya kwanta babu ƙafa a ƙarƙashinsa. "Yanzu ma an rage maka aiki. Ƙafa guda ta."

Shafi'u ya so ya yi dariya don ya faranta masa, kuka ya riga shi. Malam ya bar shi ya yi.

Ranar Alhamis bayan azahar ya cika, ana yayyafi. Shafi'u na cikin waɗanda suka ɗauki makara, kuma rashin nauyinta ya tsorata shi. A maƙabarta laka ta kama takalman mutane. Masu ta'aziyya daga Jabo da Sanyinna, tsofaffin ɗalibansa, suna ta jinjina yadda ɗan garwashi guda ya kai mutum kabari, Shafi'u yana zaune a cikinsu yana amsa addu'a.

Ranar addu'ar uku, da jama'a suka ragu bayan la'asar, aka ce Rauda na kiransa. Tana tsaye a zaure cikin hijabi, ta ɗauke kwandon, ta jawo akwatin tsakiyar ɗaki.

"Yaya Shafi'u, ni nika wanke ciwon Baba," ta ce. "Shekarata tara ina ganin ƙuna. Garwashi ba shi zana layi-layi a tafin ƙafa."

Ya dubi ragar, ya dubi ƙasa.

"Tun ranar farko nis sani. Baba ya sa ni rantsuwa kar Inna ta ji, kuma ba ta ji daga bakina. Ya ce shi yac ce ka ƙara." Ta tsaya har muryarta ta daidaita. "Ya ce in ka gyara, in tafi da guda Kebbe. Ina da masu suga goma sha ɗaya da ka zuwa wurina, uku ba su da mai goge masu ƙafa. In ka gama, ka aiko. Ni ka gwada shi da hannuna kafin kowa ya ɗora ƙafa."

"Rauda, ki gafarce ni."

"Shi ya yafe maka, ya faɗa da bakinshi." Ta gyara hijabinta. "Ni ban kai can ba tukuna."

Ta shige cikin gida. Shafi'u ya daɗe a tsaye, yana jin muryar Inno daga tsakar gida tana yi wa wasu mata godiya. Sannan ya sunkuya ya rungumi akwatin. Tsakanin ƙofar Malam da tasa taku bakwai ne. Ya manta bai naɗe wayar ba, ta bi shi a ƙasa tana jan laka har bakin zaurensa.